Jinyar Masu Gigin Tsufa: Yadda Japan Ta Samar Wa Iyalai Hutu

Cutar mantuwa, wadda aka fi sani da gigin tsufa, ba majinyaci kaɗai take kwantarwa ba, har da sana'ar wanda ke jinyarsa. Tsohon da ke iya fita cikin dare ya ɓace, ko ya bar wuta a kunne, ba a barinsa shi kaɗai, don haka sai wani a gidan ya rufe shago ko ya ajiye aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cutar ta jawo wa duniya asarar dala biliyan 1,300, kuma kimanin rabin wannan adadi ƙimar aikin da 'yan uwa ke yi ne ba tare da an biya su ko kwabo ba. Mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar.

Ƙasar Japan, inda tsofaffi suka yi yawa matuƙa, ta ɗauki lamarin a matsayin matsalar tattalin arziki. A shekarar 2000 ta ɓullo da inshorar kula da tsofaffi, wadda duk ɗan shekara 40 zuwa sama ke zuba kuɗi a cikinta, gwamnati kuma ta cika rabi daga haraji. Idan aka tantance tsoho, ana iya kai shi cibiyar yini da safe a mayar da shi da yamma, ko ya kwana 'yan kwanaki a gidan kulawa domin mai jinya ya sarara. Galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai majinyaci ke biya. Da yake an buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofa, shirin ya haifar da sabuwar kasuwa mai ɗimbin ma'aikata.

Sai dai fa matsalar ba ta kau ba. Binciken da gwamnati ta yi a 2017 da 2022 ya nuna cewa mutane kimanin 100,000 na barin aiki duk shekara saboda jinyar dangi, duk da burin da Firayim Minista Shinzo Abe ya ayyana a 2015 na kawo ƙarshen hakan. Cibiyoyin kansu na fama da ƙarancin ma'aikata, domin albashin bai taka kara ya karya ba, abin da ya sa Japan ke ɗauko masu jinya daga Indonesiya, Filifin da Biyetnam.