Kumbon da Ya Zagaya Duniya Babu Kowa a Ciki

Ranar 13 ga Satumban 1961 wata roka ƙirar Atlas ta tashi daga Cape Canaveral a jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da kumbon Mercury. An ƙera kumbon ne don mutum ɗaya, amma a ranar wata na'ura aka ɗaure a mazaunin matuƙi. Aikinta kwaikwayon mai rai: tana shaƙar iskar oksijin, tana fitar da gurɓatacciyar iska da danshi da zafi, don injiniyoyi su ga ko ɗan Adam zai rayu a cikin wannan ɗan akurki.

Amurkawa na cikin matsi a lokacin. Tun 12 ga Afrilu Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya riga ya zagaya duniya, su kuwa rokarsu ba abar yarda ba ce. Asalinta makami ne mai linzami, jikinta kuma ƙarfe ne marar kauri, har sai an cika ta da iska take iya tsayuwa. Gwajin farko da kumbon Mercury a Yulin 1960 ya tarwatse cikin kusan minti ɗaya. Na 25 ga Afrilun 1961 ma rokar ta ƙi bin hanyarta, jami'in tsaro ya fasa ta a sama da gangan.

Abin da ya fi burge ni a nan yake. Ƙaramar rokar ceto da ke bisa kan kumbon ta fizge shi daga wutar, lema ta buɗe, ya sauka a teku lafiya. Aka tsamo shi, aka gyara, kuma shi ɗin ne ya sake tashi a Satumba. Gwajin da aka ɗauka asara ce ya nuna cewa da akwai mutum a ciki, da ya tsira.

Tafiyar ta Satumba, wadda ake kira Mercury-Atlas 4, ba kumbon kaɗai ta gwada ba. Hukumar NASA ta shimfiɗa tashoshin bin sawu a faɗin duniya, ɗaya daga cikinsu a Kano, wata a Zanzibar. Kumbon ba ya wuce 'yan mintoci a saman kowace tasha, sai ta miƙa shi ga ta gaba. An sa faifan murya a ciki don ma'aikatan ƙasa su gwada sauraro.

Bayan zagaye ɗaya, cikin awa ɗaya da minti 49, kumbon ya faɗa Tekun Atlantika gabas da Bamuda, jirgin ruwan soja ya ɗauko shi. Duk da haka ba a yi gaggawa ba. A ƙarshen Nuwamba aka tura wani biri mai suna Enos ya yi zagaye biyu, sannan ranar 20 ga Fabrairun 1962 ɗan sama jannati John Glenn ya zauna a irin mazaunin da na'urar nan ta fara gwadawa, ya zagaya duniya sau uku.