Masu Kiwon Ɓeraye a Ɗakin Bincike

Jama'ar Zango, mun sha jin dattawa a bakin kasuwa suna cewa, "Ɗan wane ya ƙare karatu bai zama likita ba, wai ɓeraye yake kiwo." Har wani uban yakan yi nauyin baki in irin wannan saurayi ya aiko neman 'yarsa. To, ga abin da yaran nan ke yi.

A cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da Allah ya sa su yaƙi cuta. A ɓargo ake haifarsu. Waɗansunsu sukan tashi daga nan su tafi wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, Turawa na ce da ita taimos. Nan ce makarantarsu. Wanda bai iya gane kome ba ya mutu, wanda kuma zai far wa jikin mai shi a kashe shi. Cikin ɗari, da kyar biyar ke sauka. Mu malaman allo, da haka saukarmu take, ai da iyaye sun kwashe 'ya'yansu!

Dā likitoci sun ɗauka tsokar nan ba ta da wani amfani, gama takan shanye ta koma kitse in mutum ya manyanta. Sai a 1961, a Landan, Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye, ya ga sun rame, cuta ta yi musu yawa. Yau ƙwayoyin da ta horar, masu suna CD4, su likita ke ƙirgawa a jinin mai cutar ƙanjamau. In sun kasa 200 a ɗan mitsitsin ɗigo, an shiga hatsari.

Shehun malami shi ke tsara tambaya, amma hannun ma'aikacin ɗakin bincike ne ke samo amsa. Shi ke lura da ɓerayen, ya san uwar kowanne da ranar haihuwarsa. Shi ke fitar da tsokar, ya murje ta a kan rariya mai laushi har ƙwayoyin su rabu, ya rina su, sa'an nan ya ba na'urar da ke wuce da su ɗaya bayan ɗaya a gaban haske tana ƙirgawa. Masu rai yakan ajiye su a akwati mai ɗumin jiki, digiri 37, waɗansu kuwa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Ƙwaya ba ta san Juma'a ba, ba ta san Salla ba. In dumsor ya faɗo da tsakar dare kuma janareta bai tashi ba, wahalar wata shida na iya narkewa kafin asuba. In ya musanya lambar kwalba biyu, ba mai sani sai shi da Allah, kuma a kan rubutunsa za a gina magana.

Batun najasa kuwa, da safar hannu da farar riga ake aikin. Ya tuɓe su, ya wanke, ya yi alwala, sallarsa ta yi.

Albashin bai kai ribar babban falke ba, sau da yawa kuma sunansa ba ya fita a kan takardar. Amma ƙofa na kusa: cibiyar Noguchi tana Legon tun 1979, KCCR tana Kumasi tun 1997, duka biyu suna binciken cututtukan da ke damunmu, irin su zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. Yaro ko yarinya mai son wannan hanya, sai a sa shi ajin kimiyya tun daga sakandare.