Tsingaro a Kan Kududdufi: Labarin Mutanen da Suka Yi Tsere a Saman Ruwa

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Dawakin Tofa, kududdufai suka cika suka batse, akwai wani wasa da yara kan yi a bakin ruwa. Garin da ya yi suna wajen ginin tukwane ba ya rasa tsingaro. Yaro zai zaɓi mai faɗi, ya ɗan sunkuya, ya wurga shi a kwance yana juyawa. Sai a ga tsingaron yana tsalle a kan ruwa, sau uku, sau huɗu, wani lokaci har sau bakwai, kafin ƙarfinsa ya ƙare ya nutse. Abin tambaya a nan shi ne, tsingaro ya fi ruwa nauyi, in da za a ajiye shi a hankali, nan take zai yi ƙasa. To, mene ne ya riƙe shi a sama? Amsar wannan tambaya ita ce ginshiƙin tseren jiragen ruwa masu inji, wasan da ya ɗaukaka wasu mutane a ƙarni na 20, ya kuma ci rayukan da dama daga cikinsu.

Nauyin Ruwa da Iyakar Gudu

Tsere a kan ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, Kabawa kan yi tseren kwale-kwale, inda ƙarfin damtse da iya riƙon filafili ke raba gardama. Amma komai ƙarfin matuƙa, akwai iyakar da ruwa ya gindaya musu. Dalili kuwa shi ne ruwa abu ne mai nauyi ƙwarai. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, in aka cika shi da ruwa zai ɗauki kilo 1,000, alhali iskar da za ta cika shi ba ta wuce kilo 1.2 ba. Wato ruwa ya ninka iska nauyi wajen sau 800.

Jirgin da ke zaune cikin ruwa dole ne ya ture ruwan da ke gabansa kafin ya wuce, kuma wannan turewa ita ke haifar da igiyar ruwa a goshinsa da kuma bayansa. Yayin da gudu ya ƙaru, igiyar sai ta ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A nan ne jirgi kan sami kansa kamar wanda ya faɗa kwari yana ƙoƙarin hawa tudun da shi da kansa ya tara. Masana suna da lissafi mai sauƙi na wannan iyaka: a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon jirgin a mita, sa'an nan a ninka ta da 4.5. Jirgi mai mita 9 ke nan zai tsaya a wajen kilomita 13.5 a cikin sa'a, mai mita 16 kuma kilomita 18. Siririn kwale-kwale yana ɗan ƙetare wannan iyaka domin yanka ruwa yake yi, amma jirgi mai faɗi da nauyi, ƙara masa inji ƙona mai ne kawai.

Dabarar tsingaro ita ce mafita. Idan abu mai shimfiɗaɗɗen ciki ya zo da gudu, goshinsa a ɗan ɗage, yakan danna ruwa ƙasa, ruwan kuma ya tura shi sama daidai gwargwado, kamar yadda doka ta uku ta Newton ta bayyana. A 2004 wasu masu bincike a Faransa sun gano cewa karkatar da ta fi dacewa da irin wannan jifa ita ce wajen digiri 20. Jirgin da aka ƙera bisa wannan dabara, da zarar ya sami gudu sai ya taso daga cikin ruwa ya riƙa zamiya a samansa. Tarihin tseren jiragen ruwa gaba ɗaya tarihi ne na neman hanyar rage abin da ke taɓa ruwa a jikin jirgi.

Mai Tifa da Jiragensa na Katako

A 1903 Alfred Harmsworth, mai jaridar Daily Mail ta Ingila, ya sa kofin gasar jiragen ruwa masu inji tsakanin ƙasashe. An yi tseren farko a mashigin ruwan Cork a ƙasar Ailan, kuma jirgin da ya ci, ƙirar kamfanin Napier, gudunsa bai kai kilomita 32 a sa'a ba. Babur ɗin da ke kai kaya kasuwar Dawanau ya fi shi sauri.

Wanda ya mamaye wannan kofi daga bisani wani Ba'amurke ne, Gar Wood. Duk wanda ya taɓa ganin tifa tana juye yashi ya ga aikin hannunsa, domin da na'urar ɗaga bayan mota da matsin mai ya yi arziki. Ya zuba dukiyar a jerin jirage guda goma masu suna Miss America, waɗanda aka ƙera da katakon mahogani, dangin maɗaci. A cikin irin waɗannan jirage akan yi wani ɗan mataki kamar na bene a ƙarƙashi, yadda in gudu ya kankama wurare biyu kaɗai ke taɓa ruwa, iska ta ratsa tsakaninsu. Wood ya ci kofin Harmsworth a 1920, kuma ba wanda ya karɓe shi daga hannunsa har tserensa na ƙarshe a 1933. Cikin waɗanda suka gwada har da mace, Betty Carstairs ta Ingila. A 1931 ya zama mutum na farko da ya wuce mil 100, wato kilomita 161, a sa'a a kan ruwa. Shekara guda bayan haka Miss America X, mai injinan Packard guda huɗu, kowanne da silinda 12, ya kai kilomita 201.

Ɗalibi zai yi mamakin injina huɗu a jirgin mutum biyu. Turjiyar ruwa tana ƙaruwa ne ninki huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin injin da ake bukata kuwa kusan ninki takwas. Kuma Wood ba shi kaɗai yake zama a jirgin ba. A gefensa akwai bakanikensa, Orlin Johnson, wanda ke kula da injinan cikin ƙara da zafi da hayaƙi. Sunan matuƙi ake rubutawa a kofi, amma haɗarin tare suke ɗauka.

Waɗanda Ruwa Ya Ci

Ran 13 ga Yuni, 1930, Sir Henry Segrave ya fita tafkin Windermere a Ingila da jirginsa Miss England II, tare da makanikai biyu. Ya yi zuwa da dawowa a kan kilomita 159 a sa'a, gudun da ba a taɓa yi ba a lokacin. A zagaye na uku jirgin ya kife, kuma an fi zaton wani reshen itace da ke yawo a ruwa ya buga. Bakanike ɗaya, Victor Halliwell, ya mutu a wurin, ɗayan ya tsira da rauni. An tsamo Segrave da rai, aka shaida masa cewa ya kafa tarihi, jim kaɗan ya cika.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka koma ga injin jet, irin na jirgin sama, wanda ba ya bukatar farfela a cikin ruwa. Ran 29 ga Satumba, 1952, John Cobb ya wuce kilomita 320 a sa'a a tafkin Loch Ness na Sukotlan. Jirginsa Crusader ya ci karo da wasu ƙananan igiyoyin ruwa, goshinsa ya nutse, ya tarwatse. Igiyar da ba za ta girgiza kwale-kwalen masunci ba, a irin wannan gudu ba ta da maraba da dakalin siminti.

Wanda aka fi tunawa da shi shi ne Donald Campbell. Gado ya yi, domin mahaifinsa, Sir Malcolm Campbell, ya kai kilomita 228 a tafkin Coniston a 1939. Ɗan ya gaji sunan jirgin, Bluebird, ya kuma gaji bakaniken uban, Leo Villa, wanda ya yi wa gidan hidima shekaru fiye da 40. Jirginsa K7 yana da ƙafafu biyu a gaba, yadda in ya taso wurare uku kaɗai ke taɓa ruwa, kamar tukunya a kan murhu. Da shi Campbell ya kafa tarihi sau bakwai, daga kilomita 325 a 1955 zuwa 444 a ranar ƙarshe ta 1964 a tafkin Dumbleyung na Ostareliya. A wannan shekarar ce kuma ya kafa tarihin gudu da mota, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a shekara ɗaya sai shi.

Sai dai dabarar tsingaro tana da nata tarko. Jirgin da ya rage taɓa ruwa har haka ya kusa zama jirgin sama, ga shi kuwa ba shi da fiffiken da zai daidaita shi. Iskar da ke shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi, kuma in goshin ya ɗagu da 'yan digiri kaɗan fiye da kima, shi ke nan. Da safiyar 4 ga Janairu, 1967, a Coniston, Campbell ya yi zuwan farko a kan kilomita 479. Bai tsaya shan mai ba ya juyo. Yana gudun da ya haura kilomita 480 sai goshin K7 ya tashi, jirgin ya yi alkafura a sama, ya faɗo ya nutse. Shekara 34 yana ƙarƙashin ruwa. A 2001 masu nutso suka tsamo jirgin, daga baya suka sami gawar, aka binne shi a garin Coniston. An gyara K7, kuma a 2024 aka mayar da shi gidan tarihi na Ruskin da ke garin.

Jirgin Bayan Gida

Wani yaro a Ostareliya, Ken Warby, ya tashi da sha'awar Campbell. Ba shi da dukiyar Wood, ba shi da gatan gidan Campbell. A filin gidansa a birnin Sidni ya ƙera jirginsa Spirit of Australia da katako da falwaya, ya sa masa tsohon injin jet da ya saya a gwanjon kayan soja. Amma bai dogara da ƙarfin hali kaɗai ba. Ya kai samfurin jirgin ga malaman Jami'ar New South Wales, suka gwada shi a na'urar hura iska, aka gyara fasalinsa yadda iska ba za ta ɗauke shi ba. Ya kuma riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Ran 8 ga Oktoba, 1978, a dam ɗin Blowering, wanda aka gina domin noman rani da lantarki, ya yi kilomita 511 a sa'a, ya fito lafiya. Mutum biyu da suka nemi wuce shi, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, duk sun rasa rayukansu. Warby ya rasu a 2023 yana da shekara 83, kambun yana hannunsa.

Darasin da Ya Shafi Gida

Ba a tseren jet a Tiga ko Watari, amma tun da aka gina madatsun ruwa a Jihar Kano, irin su Tiga da aka kammala a 1974, mutanen tudu sun zama masu shiga jirgi, kuma da yawansu ba su iya iyo ba. Dokokin da suka yi hukunci a Coniston su ne ke aiki a nan. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ba nisa da Dawakin Tofa. Mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, kuma hukumomi sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima.

Lissafin abin a fili yake, tun zamanin Archimedes aka san shi. Duk abin da ke shawagi a ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Fasinja mai kilo 60 in ya shiga, dole jirgi ya ƙara nitsewa har ya ture lita 60, wato jarka uku mai cin lita 20. Fasinja goma, jarka talatin. Kowane ƙarin mutum yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Jirgi mai nauyi haka ba ya iya tasowa ya yi zamiya komai ƙarfin injinsa, sai dai bayansa ya ƙara nitsewa, kuma in aka rage wuta farat ɗaya, igiyar da ya tara a baya tana iya cim masa ta shigo ciki. In kuwa mutane suka firgita suka koma gefe ɗaya, kifewa ba wuya.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. A sami daro da ruwa da gwangwanin kifi, a riƙa jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya a ciki ana auna abin da ya rage a sama. Bayan kowace tsakuwa biyar, a kaɗa ruwan da hannu, a rubuta adadin da gwangwanin ya soma shan ruwa. Za a ga cewa tun kafin ya cika yake zama abin tsoro. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai ƙirga kawuna kafin ya sa ƙafa a jirgi, zai tambayi rigar kariya, zai kuma jira sahu na biyu in na farko ya cika. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Segrave da Cobb da Campbell jarumai ne masu injiniyoyi a bayansu, amma reshen itace da 'yar igiya da 'yan digiri kaɗan sun ishe su. Wanda ya tsufa a cikinsu shi ne wanda ya tsaya ya auna.