Matsalar furosesoshin Intel ta 2024 da tsarin gano cutar kwamfutar tebur

Kwamfutar tebur tana tsaye ne a kan babban allo guda, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma a kansa ake dasa furosesa da ram da katin hoto, sai dai allon ba ya motsi sai da manhajoji iri biyu waɗanda mutane kan rikita. Na farko shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin Windows ko Linux tana isar da umarni ga kowace na'ura. Na biyu kuwa shi ne BIOS, wanda sabon salonsa ake kira UEFI, manhajar da aka rubuta a cikin wani ɗan ma'aji a jikin allon, wadda ke farkawa tun kafin Windows, kuma ita ke ƙayyade yawan wutar da furosesa za ta sha da saurin da ram zai yi aiki. Idan kwamfuta ta fara daskarewa ko tana nuna shuɗin allo, direba ake fara tuhuma domin shi ne mafi kusa da hannu, amma abin da ya sami furosesoshin Intel a 2024 ya nuna cewa sau da yawa cutar tana ƙasa da nan.

A farkon shekarar 2024 masu amfani da Core i9-13900K da Core i9-14900K suka riƙa kokawa cewa wasannin kwamfuta, musamman waɗanda aka gina da Unreal Engine, suna rufe kansu da saƙon cewa ma'ajin katin hoto ya cika, lamarin da ya sa mutane da dama suka yi ta sauya direban katin ba tare da samun sauƙi ba, har sai da kamfanin Nvidia ya rubuta a bayanin direbansa na watan Afrilu cewa masu wannan matsala su tuntuɓi Intel. Da aka duba sai aka tarar cewa alluna da yawa suna fitowa daga masana'anta da saitin da ya cire wa furosesa linzami, domin maimakon wat 253 da Intel ta shata, wasu an buɗe su har wajen wat 4096, adadin da ke nufin babu iyaka ko kaɗan. Ƙure gudu, wato tilasta wa furosesa ko ram yin aiki sama da ƙa'idar masana'anta ta hanyar ƙara wuta, a da aikin 'yan ƙalilan ne masu sha'awa da suka san kasadar da suke yi. A nan kuwa an yi wa mai saye wani abu makamancin haka ba da saninsa ba, saboda kowane kamfanin allo yana so nasa ya fi sauri a gwaji, kuma wannan rashin adalci ne ga wanda ya biya kuɗinsa.

Sai dai laifin bai tsaya kan masu allo ba. A watan Yuli Intel ta amince cewa maikurokod ɗinta, wato umarnin cikin furosesa da BIOS ke loda mata duk lokacin da aka kunna, yana neman ƙarfin wuta fiye da kima. Ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta, wanda ya hana neman abin da ya haura bolt 1.55, sannan 0x12B a watan Satumba, lokacin da ta bayyana tushen cutar: zafi da yawan wuta suna tsufar da da'irar da ke rarraba bugun agogo a cikin furosesa, ta yadda mafi ƙarancin wutar da take bukata don ta yi aiki daidai yake ta hauhawa, har ta kai wutar da ake ba ta ba ta isarta. Sabunta BIOS yana kare lafiyayyar furosesa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace, shi ya sa kamfanin ya ƙara shekara 2 a kan garanti. AMD ma ta gamu da nata a Afrilun 2023, sa'ad da wasu Ryzen 7000X3D suka ƙone a mazauninsu, aka kuma magance shi da sabon BIOS da ya tsayar da wutar wani sashe a bolt 1.3.

Abin da wannan ke koya wa mai gyara shi ne ya fara daga ƙasa. Matakin farko shi ne mayar da BIOS saitin asali, ko dai daga cikinsa ko ta cire ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo na 'yan mintuna bayan an zare filogi, sannan a kashe XMP ko EXPO, waɗanda saituna ne da ke ɗaga gudun ram na DDR5 daga 4800 zuwa 6000 ko fiye, kuma ƙure gudu ne ko da kwalin ram ɗin ya yi alkawarin wannan adadi. Idan daskarewar ta tsaya, an gano inda matsalar take. Idan ta ci gaba, sai a gwada ram da manhajar MemTest86, sanda ɗaya bayan ɗaya, kafin a taɓa komai a cikin Windows.

Sabunta BIOS shi ne matakin da ya fi bukatar natsuwa, domin ana goge tsohuwar manhajar ne ana rubuta sabuwa a gurbinta, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya allon na iya mutuwa gaba ɗaya. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kamar yawancin garuruwan Najeriya da Nijar, bai kamata a fara wannan aiki ba sai an jona kwamfutar da UPS ko inbata mai caji. Wajibi ne kuma fayil ɗin ya dace da samfurin allon da lambar bugunsa, wadda akan rubuta a gefen allon da ƙananan haruffa, a sa shi a filashin da aka tsara da FAT32, a kuma adana mabuɗin BitLocker, wato makullin bayanan Windows, tukuna, saboda Windows na iya nemansa bayan an gama. Wasu alluna na ASUS da Gigabyte da MSI suna da maɓalli a baya wanda ke rubuta BIOS daga filashi ko da kwamfutar ba ta tashi ba, kuma ya cancanci a nemi wannan maɓalli tun a wajen saye.

Bayan wannan ne ake zuwa kan direbobi, waɗanda ya fi dacewa a sauko da su daga shafin Intel ko AMD ko na mai allon, a kuma guji manhajojin da ke da'awar sabunta komai da dannawa ɗaya. Wanda zai sayi furosesa ta gwanjo daga zubin Intel na 13 ko na 14 kuwa, irin su 13900K da 14900K, ya dace ya sa a gwada ta a gabansa na tsawon lokaci da aiki mai nauyi, a kan allo mai sabon BIOS da saitin asali na Intel, tun da lalacewar ba ta nunawa a jikin ƙarfen.