Me Ya Sa Tsohuwar Fijo Ke Ƙin Tashi Idan Ta Ɗau Zafi?

Masu bin hanyar Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa a watan Afrilu sun san wannan matsala. Tsohuwar Peugeot 504 ta tashi lafiya lau da asuba, amma da direba ya tsaya sallar azahar ya dawo ya murza makulli, sai inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Nan take fasinjoji su ce batir ne. Sau da yawa batir ba shi da laifi, tunda ga shi yana juya injin da ƙarfi.

Ita 504 ta fito a 1968, an kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Yawancin masu amfani da fetur a cikinsu da kafireto suke aiki, da famfon mai da ke manne a jikin inji. Da an kashe mota, fanka ta tsaya, ruwa ya daina zagayawa, sai zafi ya taru ƙarƙashin murfi. Shi kuwa fetur, wanda muke ce wa isansi, wani sashensa yana zama tururi tun wajen digiri 40, zafin da ranar Arewa ke kaiwa a bazara ko ba zafin inji. Famfo ba ya iya tura tururi, sai inji ya rasa mai. Wani lokaci kuma man cikin kafireto ne ke tafasa ya malala ciki har ya jiƙa buji.

Hanci ne zai raba maka biyun. In warin mai ya cika wurin, mota ta sha mai: taka totur har ƙasa, ka riƙe, ka murza makulli, kada ka yi ta dannawa kana saki. In babu wari, buɗe murfi, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da tiyon mai, ka ba ta minti goma. Idan duk bai yi ba, a duba wuta, domin bobin da ya tsufa yakan yanke wuta da zafi ya dawo da sanyi.

Abin da ke damuna shi ne yadda talaka ke sayen sabon batir alhali tiyon mai ne ke goga a jikin inji. Direbobinmu, kafin bazara ku sa bakanike ya nisanta tiyon daga zafi, ya wanke lagireto. Kuma don Allah kada wanda ya kwance murfin lagireto mota na zafi, ruwan yana ƙona fuska.