Shirin Musamman: Mazaunin Talabijin Mai Ƙwari

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ƙarar zarto a hankali)

 Yau shirin namu zai leƙa shagon kafinta ne, kan wani abu da kusan kowane falo yake da shi amma ba a cika yi masa tunani ba: ɗan teburin da ake ɗora akwatin talabijin a kai.

Tun da aka fara talabijin a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, akwatin ya yi ta canja kama. Waɗanda suka yi zamani da mai ƙeya sun san cewa mai inci 21 yakan haura kilo 20, kuma nauyin duk a gaba yake, wajen gilashi. Na yanzu mai shafaffen jiki, mai inci 32, da wuya ya wuce kilo 5. Sai mutane suka ɗauka ko wane irin katako zai iya da shi. A nan ne kuskuren yake. Nauyi bai cika karya teburin talabijin ba. Rangaji ne ke kashe shi. Ga akwatin yanzu dogo, ƙafafunsa sirara, yaro mai rarrafe ya kama bakin tebur zai miƙe, sai kawai ya rufto masa a ka. Wannan ne ya sa muka ɗauki batun da muhimmanci.

Mu fara da katako. Ƙasarmu ta Daura ba dajin katako ba ce. Yawancin falankin da ke hannun kafintocinmu daga kudu ake lodinsa, wani ya biyo ta kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano. Itacen da aka yanka inda ruwa ya wadata, idan ya iso nan da ɗanyensa, hunturu ya buga shi, sai ya motse, ya tanƙware, wani lokaci ya tsage daga baki. Ka ga teburi sumul ranar da aka kawo shi, kafin azumi ya zagayo mahaɗinsa ya buɗe har kana zura tsinke. Saboda haka tambayar farko ita ce: "Maigida, katakon nan ya bushe kuwa?" Kada ka tsaya ga amsar baki. Ɗaga shi ka ji. Ɗanye ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa ba ya amo. Ka ɗora ido a gefensa ka hango tsawonsa, za ka ga ko ya karkace.

Maɗaci ya yi suna wajen ƙarko, amma da tsada. Melina busasshe ya wadatar da wannan aiki. Abin da zan ja kunne a kai shi ne allon nan na garin katako da aka matse, wanda kafintoci ke kira MDF. Yana da sheƙi, shi ya sa ya cika kayan ɗakin amare. Sai dai ba ya shiri da ruwa. Uwargida ta goge tayil da ruwa kullum, gindinsa ya sha, ya kumbura, noti ya daina kamawa. In dole sai shi, a sa masa ƙafa ta roba ko ta katako mai ƙarfi don ya bar ƙasa.

(Ƙarar guduma)

Sai awo. Incin da aka rubuta a kwalin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba ne. Mai inci 43 faɗinsa wajen inci 38 ne, kuma galibi ƙafafunsa biyu suna can gefe da gefe. Ka auna tsakaninsu da tef, ka ƙara aƙalla inci 2 ta kowane ɓangare, shi ne tsawon teburin da kake buƙata.

Tsayi kuwa, a nan nake so mu daɗe, domin nan ne aka fi kwaikwayon abin da ba namu ba. Hotunan da ake nuna wa kafinta a waya an tsara su ne don masu zama kan kujera. Mu kuwa gidaje da yawa a kan kafet ko tabarma ake kallo, yara a gaba, Hajiya ta jingina da bango. Mai zaune a ƙasa idonsa bai kai tsayin ƙafa 3 ba. In aka ɗaga akwatin sama, kowa zai kalli Daɗin Kowa a Arewa24 da wuya a ɗage, a tashi da ciwon ƙeya. Ka zauna inda iyalinka suka saba zama, a auna daga ƙasa zuwa idonka, a sa tsakiyar gilashin ya zo daidai nan ko ƙasa kaɗan. Sau da yawa za ka ga gajeren mazauni kake buƙata, mai tsayin inci 6 zuwa ƙafa 1, wanda dikoda zai shige ƙarƙashinsa. Gajere kuma ya fi wuyar kifewa.

Wajen haɗawa, falanki wan-bai-tuwel ya isa sama. Idan tsawonsa ya wuce ƙafa 3, a sa masa tokari a tsakiya, in ba haka ba zai lotsa a hankali. Kusa ita kaɗai ba ta riƙe irin wannan aiki, tana sassautawa. A shafa gam a mahaɗi, a huda ƙaramin rami tukuna don kada katakon ya tsage, sannan a ɗaura noti. Kafintan da ya san hannunsa har gurbi yake fafewa a ƙasan falankin, ƙafar ta zauna a ciki daram.

Abin da ke hana rangaji shi ne bayan teburin. A rufe shi da filawud, a kafe shi a duk gefunan. In ana gudun kashe kuɗi, ko da sanda ɗaya a gicciya daga kusurwa zuwa kusurwa ta yi. A bar rami don waya ta wuce, iska kuma ta shiga, domin dikoda yana ɗaukar zafi, balle a watan Afrilu.

Kada a manta da gara. A shafa maganinta tun kafin fenti, musamman a gindin ƙafafu. Wasu suna amfani da baƙin mai, amma wannan na rufin ɗaki ne, a falo zai ɓata kafet ya cika ɗaki da wari.

Ranar karɓar aiki, ajiye shi a kan siminti mai daidai, ka dafa kusurwa ɗaya ka tura gefe. In ya motsa, ka ce: "Malam, a ƙara masa baya." Bayan an kai gida, a duba bayan akwatin, akwai ramukan noti guda 4 da aka tanada don rataye shi. A ɗaura ɗan madauri mai ƙarfi a biyu na sama, a kafe ɗaya bakin a bango, sannan a tattare wayoyin a ɓoye su inda hannun yaro ba zai kai ba.

(Kiɗan rufe shiri)