Yadda Sinawa ke amfani da zanen gargajiya wajen yi wa al'umma hannunka-mai-sanda a fina-finan katun

Mutane da yawa na kallon katun a matsayin abin rarrashin yara kawai. A ƙasar Sin kuwa, fiye da shekara 80 ke nan masu wannan sana'a na ɗauko fasahar kakanninsu, kamar zanen tawada da yankan takarda da kwalliyar wasan daɓe, suna isar da saƙon da ba kullum ake iya faɗarsa kai-tsaye ba.

Tushen abin

A shekarar 1941, lokacin da yaƙi da Japan ya yi tsanani, 'yan uwan nan na gidan Wan suka fitar da fim ɗin Gimbiya Mai Mafici na Ƙarfe a birnin Shanghai, wanda shi ne dogon fim ɗin katun na farko a ƙasar. Daga tsohon labarin Sarkin Birai aka ɗauko shi, amma masu kallo sun gane inda aka dosa: sai da jama'a suka haɗa kai kafin aka ga bayan azzalumin da ke cikin labarin.

A 1957 aka kafa ɗakin shirya katun na Shanghai ƙarƙashin jagorancin Te Wei, wanda ya nace cewa katun ɗin Sin ya daina kwaikwayon na waje. Shekara guda kafin haka ya shirya fim ɗin Janar Mai Girman Kai, inda aka zana fuskokin taurarin da salon kwalliyar wasan daɓe na Beijing. Labarin wani jarumi ne da nasara ta ruɗa, ya shagala da ciye-ciye har makamansa suka yi tsatsa, abokan gaba suka kama shi cikin ruwan sanyi.

Tawada da almakashi

A 1958 Wan Guchan ya shigo da yankan takarda cikin katun. Ana yanka siffofi, a haɗa gaɓoɓinsu yadda za su motsa, kamar 'yan tsanar da ake haska inuwarsu a bayan ƙyalle. Hukumar UNESCO ta sanya yankan takarda na Sin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009, wasan inuwa kuma a 2011.

Zanen tawada ya fi wuya, domin ba shi da layin da ke kewaye siffa. Kaurin tawadar da yadda take bajewa a takarda su ne ke fitar da hoto. Sai masu aikin suka riƙa rarraba kowace siffa gwargwadon duhun tawadarta, su ɗauki hoton kowane kashi daban, sannan su haɗe. Da wannan dabara aka yi fim ɗin Talibambam Na Neman Uwarsu a 1960, bisa salon fitaccen mai zane Qi Baishi.

Wannan ci gaba ya gamu da cikas a lokacin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976. An soki fim ɗin Sarewar Makiyayi na 1963 cewa ya shagala da kyawun yanayi, ya manta da gwagwarmayar talakawa, aka kuma jingine katun ɗin tawada na tsawon shekaru.

Sufaye uku da tulu babu ruwa

Fim ɗin da ya fi fito da wannan hikima shi ne Sufaye Uku, wanda A Da ya shirya a 1980, kuma babu mai furta kalma ko ɗaya a cikinsa. Wani sufi na zaune shi kaɗai a wurin ibada a kan tsauni, kullum yana gangarawa ya ɗebo ruwa bokiti biyu. Da na biyu ya zo, sai suka koma ɗaukar bokiti ɗaya a sanda, kowa na ƙoƙarin tura wa ɗan'uwansa nauyin. Da na uku ya iso, kowa ya naɗe hannu, tulu ya bushe. Sai da ɓera ya tunkuɗe kyandir gobara ta tashi, sannan suka tuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fim ɗin ya fito ne shekara biyu bayan Deng Xiaoping ya fara sauya fasalin tattalin arziki, lokacin da Sinawa ke kuka da tsarin da suke kira ci daga babbar tukunya ɗaya, inda mai ƙwazo da rago ke samun lada iri guda. Ya lashe kyauta a bikin fina-finai na Berlin a 1982.

Matsalolin wannan zamani

A 2023 ɗakin na Shanghai da dandalin Bilibili suka fitar da jerin gajerun fina-finai takwas masu salon gargajiya. Na farkonsu ya ba da labarin wani ƙaramin dodo mai siffar alade da ke yi wa babban dodo bauta. Mai gidansa ya yi watsi da shawararsa, ya kuma yi amfani da gashin jikinsa wajen kankare tukunya. Matasan ma'aikata da ke raba dare a ofisoshi sun ga kansu a cikinsa, fim ɗin ya bazu kamar wutar daji.

A wannan shekarar ce kuma Tian Xiaopeng ya fitar da Zurfin Teku, inda aka sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda tawada ke bajewa a ruwa. Ya taɓo ciwon damuwa ta hanyar wata yarinya da mahaifiyarta ta tafi ta bari, batun da iyalai da yawa ke jin nauyin tattaunawa.

Me ya sa dabarar ke aiki?

Na farko, a ƙasar da hukuma ke tace fina-finai sosai, tatsuniya da siffofin dabbobi na ba mai fasaha damar yin habaici, mai abin ya gane abinsa. Na biyu, jama'a sun fi karɓar nasiha idan ta zo cikin rigar da suka saba gani tun ƙuruciya.

Sai dai aikin na cin kuɗi da lokaci. Bayan fim ɗin Son Tsauni da Ruwa na 1988, katun ɗin tawada na hannu ya ja baya ƙwarai, domin ba ya mayar da abin da aka kashe. Yanzu kwamfuta ta rage wahalar, amma muhawara na ci gaba a tsakanin masu sana'ar kan ko na'ura za ta iya kamo hannun mai alƙalami.